Katunan da Na Rubuta wa Baba

Wata biyar ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Haladu mai kwanuka, sai yanzu na samu ƙarfin zama in rubuta yadda jinyarsa ta kasance. Ba tausayi nake nema ba. Na san a garin nan akwai masu jinya da yawa da ke kan hanyar da na bi, da kyakkyawar niyya irin tawa. Da na ci karo da labari irin wannan a lokacin, wataƙila da na buɗe idona da wuri. Kwana idan ya ƙare ya ƙare, wannan na sani. Amma akwai wahalar da ba dole ba ce, ita ce ke hana ni sukuni.

Sunana Bilkisu. Ina aure a Gwarinpa, ina aiki a ofishin wani kamfani a cikin gari. Shekara uku da suka wuce na yi ɓarin ciki wata biyar. Jiki ya warke, na koma aiki, amma sai in zauna gaban kwamfuta awa guda ban taɓa komai ba. Wata abokiyar aikina 'yar Filato ta lura da ni. Ran nan ta ajiye mini wani ɗan kwali a kan tebur, cike da katuna kamar na karta, kowanne da jimla guda ta ƙarfafa zuciya. Ta ce, "Kullum da safe ki zari ɗaya, ki karanta da bakinki, ki manna a madubi. Kada ki tsaya gardama da shi, ki karanta kawai."

Na karɓa ne don kada in gwasale ta. Washegari bayan sallar asuba da azkar na zari ɗaya. Abin da ke jiki, in an mayar da shi Hausa, shi ne: "Abin da ya faru ba laifinki ba ne." Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba tun a asibiti. Daga ranar ban taɓa fashi ba. Da na gaji da na Turancin sai na fara yanka kwali ina rubuta nawa da Hausa. Ba zan ci amanar katunan nan ba, sun taimake ni, sun fitar da ni daga ɗaki lokacin da ba na son ganin kowa. Matsalar ita ce daga nan na ɗauka na samu maganin kowa.

Baba mutum ne mai magana. Ya baro Zariya tun muna ƙanana, ya kafa shagon kwanuka da tukwane a kasuwar Mararaba, kuma ko ba ka zo saye ba sai ya tsayar da kai ya ba ka labari. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Tun rasuwar Umma yake zaune tare da wana, Yaya Nura, wanda ke riƙe da shagon. Yana da hawan jini, amma magani sai ran da ya ji kansa na sarawa yake sha. Mun yi faɗan har mun gaji.

Wata Litinin da hantsi yana cikin ciniki da wata mata a kan tukunya sai murfin ya suɓuce daga hannunsa. Yaya Nura ya ce da ya juyo ya ga bakin Baba ya karkace, yana ƙoƙarin magana abu ba ya fita. Wanda ya san hanyar Mararaba zuwa cikin gari ya san abin da suka sha a cunkoso. Asibitin farko aka ce babu gado. A na biyu muka haɗu, Baba na kwance a bayan mota ni ina layin yankar kati, ina roƙon mutanen gabana su yi mini alfarma. Wasu sun yi, Allah ya saka musu. Sai bayan azahar aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa.

Likitan ya tara mu ya ce, "Jijiya ce ta toshe a kansa. Ɓarin dama ya shanye. Yana jin ku, yana gane abin da kuke faɗa, maganar ce ba ta samun hanya."

A kwana na uku Baba ya furta kalma ɗaya: "To." Muka yi ta murna, har Yaya Nura ya kira 'yan kasuwa ya gaya musu. Bayan ita babu wadda ta sake fita. Ina kwana Baba, to. Ya jiki, to. Ku riƙe wannan, don a kanta na yi kuskurena na farko.

Kwana goma sha biyu muka yi aka sallame mu, da sharaɗin a riƙa kawo shi gashin ƙashi sau uku a mako, ƙarfe takwas na safe. A bakin ɗakin marasa lafiya muka yi shawarar inda za a kai shi, ni da Yaya Nura da Gwaggo Rabi, ƙanwar Baba da ke zaune a Tungan Maje. Ni na riga na gama lissafina. Gidan Yaya Nura ɗaki biyu ne a gidan haya, banɗaki a tsakar gida, ga cunkoson hanya. Ni kuwa ina da ɗakin baƙi a ƙasa mai banɗaki a ciki, asibiti kuma tafiyar minti ashirin.

Yaya Nura ya ce, "Bilki, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma kin san Baba. Tun da aka yi aurenki sau nawa ya taɓa cin abinci a gidanki? Gidan suruki ne fa."

Gwaggo ta ce, "Nura ya fi ki gaskiya."

Na ce, "Ana maganar rai kuna maganar surukuta? Bari a tambaye shi."

Na shiga na durƙusa a gefen gadonsa na ce, "Baba, za ka zo gidana ka zauna har ka warke?" Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To."

Na juyo na ce musu, "Kun dai ji da kunnenku."

Makon farko a Gwarinpa komai ya tafi yadda na tsara. Na ɗauki hutun wata guda a wurin aiki. Maigidana, Allah ya saka masa da alheri, bai nuna ƙyashi ko na sakan ɗaya ba. Ya ce mahaifina mahaifinsa ne. Kafin ya fita aiki shi ke naɗe hannun riga ya ɗaga Baba ya kai shi banɗaki, ya yi masa wanka, ya sa masa kaya. Da yamma in ya dawo haka. Da rana kuwa ni ce, da robar fitsari da kunzugun manya. Na lura duk lokacin da ɗayanmu ya zo wannan aikin Baba rufe ido yake yi, ba ya buɗewa sai an gama. Na ce a raina gajiya ce.

A makon ne na sayo farin kwali da alƙalami mai kauri na zauna na rubuta masa katuna guda ashirin da manyan baƙaƙe. Baba yana karanta Hausar boko sosai, jarida ba ta rabuwa da teburin shagonsa. "Yau na fi jiya." "Jikina yana warkewa." "Ina da ƙarfi." "Ina cikin masoyana." "Alhamdu lillahi, sauƙi yana zuwa." Irin waɗannan. Kullum bayan ya sha koko sai in baza su a kan faranti in ce ya zaɓa. Ya ɗora hannun hagu a kan ɗaya, in karanta da ƙarfi, ya ce "to", in manna a bango daidai inda idonsa zai riƙa sauka. Har hoto na ɗauka na tura wa 'yan'uwa a waya, suna ta sa mini albarka.

Na kuma kafa doka: ɗakin Baba ba a kuka, ba a wayyo, ba a labarin wane da ya yi irin wannan ciwon ya mutu. Na karanta cewa abin da marar lafiya ke ji yana shiga jikinsa, na riƙe wannan da hannu biyu.

Mako na biyu muka shiga zirga-zirgar gashi. Ko ka isa bakwai da rabi sai ka tarar da mutum goma a gabanka, kujerun guragu ba sa isa, wani lokaci mu kai sha ɗaya ba a kira mu ba. Amma matashiyar da ke yi masa gashin tana da haƙuri, har ta sa ya fara motsa babban yatsan ƙafarsa. Kuɗi kuwa kamar ana zuba ruwa a kwando, magani da gwaji da mai, ba na ma son tunawa. Shawarwari suka yi ta zuwa ta waya. Wannan ya ce man zaitun da habbatus sauda, wancan ya ce a yi masa ƙaho, wata ta rantse shafar aljanu ce, akwai wani malami a bayan Zuba. Na ɗauki man zaitun na bar sauran.

A makon ne Baba ya fara kawar da kai in na kawo masa ruwa. Ya kurɓi kaɗan don haɗiye magani, ya ture kofin. Shayi ma haka. Kunu ya sha cokali uku ya rufe baki. Tuwo kuwa yana ɗan taɓawa in ban cika miya ba. Na canza ruwan, na sa a firiji, na fitar, na sayo na gora. Duk ɗaya.

Gwaggo Rabi ta zo ranar Talata da rubutu a galan da man shafawa. Tana shiga ta gan shi sai ta saki kuka. Na kamo hannunta na fito da ita falo.

Na ce, "Gwaggo, don Allah, a ɗakin nan ba a kuka. Kina karya masa zuciya."

Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Bilki, ɗan'uwana ya bushe. Ba ki ga leɓensa ba? Ba ki ga idonsa ya faɗa ba?"

"Magungunan ne, Gwaggo. Jiya ma ya motsa yatsa. Irin wannan maganar ce ba na so ya ji."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ni na yi miki wanka kina jaririya, yau ni kike koya wa yadda ake duba marar lafiya. To, Allah ya ba shi lafiya." Ta ɗauki jakarta. Ban ma raka ta bakin ƙofa ba. Rubutun da ta kawo, da na ba shi, ya karɓa ya sha rabin kofi saboda girman abin da ke ciki, ya ture sauran.

Akwai wata safiya a mako na uku da ba ta barin zuciyata. Na baza katunan kamar kullum. Baba ya sa hannu ya fara kife su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ya kife su duka. Sannan ya ɗora yatsa a bayan ɗaya, inda babu rubutu, yana ƙwanƙwasawa yana kallona. Na ba shi alƙalami. Ya riƙe da hagu ya yi ta fama, zane kawai ke fita, ba baƙi ko ɗaya. Ya jefar da alƙalamin. Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya.

Me na yi? Na share masa hawayen, na ce, "Baba, kada ka karaya." Na juyo da katunan, na zaɓar masa da kaina, na karanta: "Ina da ƙarfi." Na manna a bango. Ya ce, "To."

Yaya Nura yana zuwa ranar Juma'a bayan masallaci da kuma Lahadi. In ya zo shi ke karɓar komai, ya kai Baba banɗaki, ya yi masa aski, ya yanke masa farce, ni in samu in huta. A ranakun nan Baba sai ya shanye kofi biyu na ruwa a jere, ya ƙara da kunu. Wata Lahadi da zai tafi na raka shi bakin get, ya ce, "Bilki, kin ce ba ya shan ruwa. A hannuna fa yana sha."

Maganar ta soke ni. Na ji kamar gori yake yi mini, ni da nake tare da shi dare da rana, shi kuwa sau biyu a mako. Na ce, "To ai sai ka rufe shagon ka dawo nan ka riƙa ba shi."

Ya ce, "Ba faɗa na kawo ba. Cewa na yi ki duba."

"Na duba. Likita ya ce masu wannan ciwon suna shiga damuwa. Ita nake yaƙa, ku kuma kuna ƙara masa."

Ya hau mashin ɗinsa ya tafi. Juma'ar da ta biyo bai zo ba, kaya sun iso masa daga Kano. Lahadi ma bai samu zuwa ba.

Zan faɗi wani abu da nake jin kunyar faɗa. A kwanakin nan robar fitsarin sai ta wuni a inda na ajiye ta. Kunzugu ɗaya ya kai yamma a bushe. Ni kuwa har sauƙi na ji a raina, na ce aiki ya ragu, jikinsa ya fara daidaita. Katin da na zara wa kaina a ɗaya daga cikin safiyoyin nan cewa ya yi, "Ina yin abin da ya dace." Na karanta a gaban madubi, na yarda da shi.

Ranar Laraba ta mako na huɗu, bayan la'asar, na shiga na tarar da Baba yana rawar sanyi har gadon na motsi. Jikinsa kamar garwashi. Na kira shi, ko "to" ɗin babu. Idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba. Na kira maigidana ya baro ofis, maƙwabcinmu ya taimaka muka sa shi a mota.

A ɗakin gaggawa wata likita ta tambaye ni, "Yaushe rabonsa da fitsari?"

Na shiga lissafi a raina. Jiya? Shekaranjiya da safe? Ni da ke da littafin da nake rubuta katin da ya zaɓa kowace rana, ban san wannan ba.

Ta kama fatar bayan hannunsa ta ja sama ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye kamar an naɗe takarda. Da aka sa masa roba, ɗan abin da ya fito kamar shayin da ba madara. Ta ce, "Hajiya, babu ruwa a jikin bawan Allahn nan. Cuta ta shiga mafitsara ta hau jini, ƙodarsa kuma ta ji jiki." Ta faɗi sunan abin, sefsis.

Aka yi ta ƙarin ruwa, leda bayan leda, da allurai. Sau biyu aka yi masa wankin ƙoda. Yaya Nura ya iso a daren. 'Yan kasuwar Mararaba suka yi karo-karo suka aiko, har da waɗanda ba addininmu ɗaya ba. Gwaggo ta zo ta shimfiɗa tabarma a baranda ta zauna da carbinta, ba ta tayar da maganar da ta wuce ba.

A kwana na biyar Baba ya dawo hayyacinsa. Da na ga haka, sai na ciro katunan daga jaka, waɗanda na ɓamɓaro daga bangon ɗakinsa, don a tunanina yanzu ne ma ya fi bukatarsu. Akwai wata nas babba a ɗakin, 'yar Kudu ce, kowa Sista yake ce mata, Hausarta ta kasuwa ce. Ta tsaya a kaina tana kallo, ta karɓi katunan ta duba ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Madam, kai ne ya rubuta wannan?"

Na ce ni ce.

"Duka mai kyau ne. Amma ina wanda zai ce ciki yana ciwo? Ina wanda zai ce ba na so?"

Na ce ai in ba ya so zai nuna, kuma duk abin da na tambaye shi yana amsawa.

Ta matsa kusa da shi ta ce, "Baba, sannu. Sunanka Yohana ne?"

Baba ya ce, "To."

"Baba, yau a Legas muke?"

"To."

Ta juyo ta dube ni. "Ka gani? Wannan ba amsa ba ne. Shi kaɗai ya rage a bakinsa."

Abin da ya faɗo mini shi ne ranar sallama, da na durƙusa na tambaye shi ko zai zo gidana.

Sista ta yago murfin kwalin ruwan ƙari ta raba biyu, ta ba ni ta ce in rubuta EH a ɗaya, A'A a ɗaya. Ta ajiye su a kan cinyarsa. Ta sake tambayarsa ko sunansa Yohana. Hannun Baba ya tafi kai tsaye kan A'A, har da bugawa. Yaya Nura ya yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki.

Na ce, "Baba, kana jin ƙishirwa?" EH.

"A gida ma kana ji?" EH.

"Ruwan gidan ne ba ka so?" A'A.

"Haɗiya ce ke yi maka wuya?" A'A.

"To me ya sa ba ka sha, Baba?" Wannan ba ta da kati. Ya kawar da kai ya kalli bango.

Yaya Nura ya ce, "Bilki, ɗan ba mu wuri."

Na fita baranda wurin Gwaggo. Ya kai minti goma sha biyar kafin ya fito, idonsa jajir. Ya tsuguna a gabanmu ya yi ƙasa da murya.

Ya ce, "Kunya ce. In ya sha ruwa zai yi fitsari. In zai yi fitsari, ke ce ko mijinki. Shi ne ya gwammace ya zauna da ƙishirwa. Ranakun da nake zuwa ne kawai yake sha, don ya san ni zan kai shi."

Gwaggo ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa ko kukan ban iya ba. Kusan wata guda mahaifina yana kwance a gidana, firiji cike da ruwa, yana kallon bangon da na cika da "Ina cikin masoyana", maƙogwaronsa a bushe.

Da na gaya wa maigidana sai ya ce, "Ni da na ɗauka lada nake samu. Ashe azaba nake ba shi safe da yamma." Na ce masa ba laifinsa ba ne, kuma har ga Allah ba nasa ba ne. Shi abin da aka roƙe shi ya yi, ya kuma yi da zuciya ɗaya.

Kafin a sallame mu na sake tambayar Baba, wannan karon da kwalayen biyu a gabansa. "Baba, za ka koma gidana?" Ya ɗora hannu a kan A'A. Sannan ya ɗaga hannun ya ɗora a kan nawa, ya bar shi a nan.

Mararaba muka kai shi. Matar Yaya Nura ta kwashe kayanta ta bar masa ɗakinsu, ba wanda ya roƙe ta. Aka sayo kujera mai fo, Yaya Nura da wani aminin Baba suka raba aikin tsakaninsu. Na rubuta sababbin katuna, waɗannan ba ƙarfafa zuciya a cikinsu: RUWA. CIWO. BANƊAKI. SANYI. ZAFI. REDIYO. NURA. KU FITA. Na ƙarshen nan ya fi kowanne aiki. In mata suka cika ɗaki da surutu sai ya ɗaga shi, rabin bakinsa na murmushi.

Abin da na ji tsoro tun farko ya faru, ba zan ɓoye ba. Gashi ya koma sau ɗaya a mako, wani makon ma babu, saboda hanya. Hannun bai sake motsi ba. Ƙodar kuma ba ta koma daidai ba, ƙafafunsa suna kumbura, ana ta kai shi gwaji. Likitar ta ce mai shekarunsa da hawan jini dama ƙodarsa ba ta da ƙarfi, kada in ɗora wa kaina duka. Na gode mata. Amma ni na san abin da na gani na kawar da kai.

Duk da haka a Mararaba Baba ya ci, ya sha, fuskarsa ta ciko. Da yamma a fito da shi ƙofar gida, masu wucewa su tsaya su gaishe shi.

Ga abin da nake so mai jinya ya ɗauka daga wurina. In marar lafiyarka ba ya iya magana, kafin ka ba shi kalma mai daɗi ka ba shi hanyar cewa a'a, ka kuma gwada ka tabbatar amsarsa amsa ce. Ka san sau nawa ya sha, sau nawa ya yi fitsari, ka rubuta in za ka manta. Dattijon da ya yi shekara saba'in yana suturta kansa, ciwo ba ya cire masa kunya, ka tambaye shi wa yake so ya taɓa shi. In tsohuwa ta shigo ta ce ya bushe, ka je ka duba leɓensa kafin ka ba ta amsa. Ni har yanzu wasu safiyoyin ina zarar katina, don ni na zaɓa wa kaina, kuma ina da bakin da zan ce yau ƙarya yake yi. Baba ba shi da wannan bakin.

Mako bakwai ya yi a Mararaba. Duk Asabar nake zuwa, kuma duk zuwa da niyyar in zauna mu biyu in roƙe shi gafara da bakina. Kullum sai in ga ba lokacin ba ne, ko akwai mutane, ko yana barci, ko ni ce zuciyata ta kasa.

Asabar ta ƙarshe na isa bayan la'asar na tarar ɗakin cike da abokansa na kasuwa, su shida ko bakwai, sun baje a kan tabarma ana ta labarin wani tsohon ciniki ana dariya. Baba na tsakiyarsu an jingina shi da filo, sabuwar hula a kansa. Na tsaya a bakin ƙofa na gaishe su daga nan, don ban iya kutsawa cikin maza ba. Ya hango ni. Ya ɗaga hannun hagu ya yafito ni, sau biyu.

Na duba agogo, na tuna cunkoson da ke jirana in magariba ta yi. Na ce, "Baba, kana da baƙi. Zan dawo Asabar mu yi hira sosai." Na ajiye ledar lemo a hannun matar Yaya Nura na fita.

Ranar Laraba da safe ina shirin fita aiki Yaya Nura ya kira. Ya ce Baba ya yi sallar asuba da ishara, ya sha kununsa, ya koma ya kwanta, shi ke nan.

Taku huɗu ne tsakanin bakin ƙofar nan da inda yake zaune. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Malam Haladu a addu'a. Ni ma ya sa ni.